Wa yaron Zango yake gaya wa damuwarsa?

A wurin suna ko ɗaurin aure a Aboabo da Asawase, unguwannin Zango na birnin Kumasi a Ghana, hira ba ta yin nisa sai ta faɗa kan yaran zamani, kuma hukuncin da ake yankewa ɗaya ne: waya ce ta lalata su. Malami ya faɗa a kan mumbari, uwa ta faɗa a bakin murhu, direban trotro, wato ƙaramar motar haya, ma ya tofa nasa. Akwai gaskiya a ciki. Sai dai ni a ganina waya ta zo ne ta tarar da gurbi a buɗe ta shige, kuma ba za mu gane abin da take yi wa yaranmu ba sai mun tambayi kanmu wanda ya tashi daga wannan gurbin.

Matsalar ba ƙarama ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a cikin kowane yara bakwai masu shekara 10 zuwa 19, ɗaya yana fama da wata larura ta ƙwaƙwalwa, galibi fargaba, ko baƙin ciki mai naci, ko rikicewar ɗabi'a. Wani babban bincike da aka wallafa a Amurka a 2005 ya nuna kusan rabin irin waɗannan larurori suna somawa ne kafin yaro ya wuce shekara 14. Wato a daidai lokacin da yake shirin jarrabawar BECE ta kammala ƙaramar sakandare, yana kwana a ɗaki ɗaya da iyayensa, yana cin tuwo a kwano ɗaya da ƙannensa.

Bahaushe bai taɓa ɗora wa uba da uwa kaɗai aikin sauraron zuciyar ɗansu ba. Kowa ya san kunyar ɗan fari: uwa ba ta kiran sunansa, uba ba ya wasa da shi a gaban jama'a, wani lokaci ma da an yaye shi sai a ba da shi riƙo. Karin maganar da ke riƙe da wannan tarbiyya ita ce, ka so naka duniya ta ƙi shi, ka ƙi naka duniya ta so shi. Baƙo zai ɗauka rashin ƙauna ne, alhali rabon aiki ne. Uba ya riƙe kwarjini, uwa ta riƙe kawaici, sauran aikin kuma aka bar wa wasu. Kaka tana kiran jikanta mijinta, jikarta kuma kishiyarta, su yi ta tsokanar juna, kuma a cikin wannan wasa ne yarinya take faɗin abin da bakinta ba zai iya furtawa a gaban uwarta ba. Ga gwaggo, ga kawu wanda gidansa mafaka ne in an yi laifi, ga taubashi. Yaro ya ruga ɗakin kaka da kuka, ta ce, "Wa ya taɓa mini miji?" Ta miƙa masa ƙanzo, ta ji ta bakinsa tun daga farko har ƙarshe. Bayan isha'i ta aika a kira uban, ta ce masa, "Kai, sassauta wa yaron nan, ba shi ya fasa ba." Saƙo ya isa, yaro ya samu sauƙi, kwarjinin uba bai zube ba.

Wannan tsari yana buƙatar mutane da yawa a kusa, kuma masu lokaci. Su ne suka ragu. Zangunan Kumasi fataken goro da malamai da tsofaffin sojoji ne suka raya su, da manyan gidaje inda kaka da jikoki suke tsakar gida ɗaya. Yau yawancin waɗannan gidaje gado ya rarraba su, an zuba 'yan haya, kowane ɗaki iyali guda. Sababbin ma'aurata suna fita can Kenyase ko Abuakwa neman wuri mai sauƙi. Kawu yana Hambog a Jamus ko Bronx a Amurka, gwaggo ta tafi aikatau Saudiyya, kaka tana arewa ko tana kabari. Uwa ta fita kasuwar Kejetia tun duku-duku, ko tana kan tukunyar wake da shinkafa tun kafin kiran salla. Uba yana Suame Magazine, matattarar makanikai, ko yana kan hanyar Tamale da mota. Ƙidayar jama'ar Ghana ta 2021 ta nuna matsakaicin gida ya koma mutum 3.6, alhali a 2010 ya haura 4. Mutanen sun watse, amma kunyar tana nan daram. Uba har yanzu ba ya zama hira da ɗansa, sai dai yanzu babu kakar da zai bar wa aikin.

Wani zai ce, ai gidan haya cike yake da mutane, ina kaɗaici? Cikar ita ce ma ta ƙara toshe bakin. Inda maƙwabci yake jin tarinka ta bango, ba a buɗe sirri. Kalmar da yarinyar gidan haya ta fi ji daga uwarta in ta fara kuka ita ce, "Yi shiru kada a ji."

Sai batun duka. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ghana ta yi da tallafin UNICEF a 2017 zuwa 2018 ya gano kashi 94 cikin 100 na yara 'yan shekara 1 zuwa 14 sun sha horo mai tsanani a gida, ko duka ko tsawa da zagi, a cikin wata guda kafin a yi tambayar. Hukumar Ilimi ta Ghana ta hana bulala a makarantun boko tun 2017, amma dokarta ba ta shiga ɗakin kowa ba, kuma a makarantun allo da yawa bulala tana nan a gefen buzu. Na san amsar da ake bayarwa: mu ma an dake mu, ga mu nan. To, masu faɗin haka su ne waɗanda suka tsira, kuma yawancinsu suna da ɗakin da suke gudu su shiga bayan dukan. Binciken da aka wallafa a Amurka a 1998, wanda ya ƙunshi manya fiye da 17,000 a ƙarshe, ya nuna gwargwadon yawan wahalhalun da mutum ya sha a ƙuruciya, irin su cin zarafi, zagi mai ƙasƙantarwa da rikicin iyaye, gwargwadon ƙaruwar haɗarin baƙin ciki, shaye-shaye da yunƙurin kashe kansa in ya girma. Ba kowane yaron da aka tsawata wa ne zai yi ciwo ba. Abin da ya fi damuna ƙarami ne kuma ya fi yawa: yaron da duk labarin da ya kawo ya ƙare da mari, ba laifin yake dainawa ba, kawo labarin yake dainawa.

Akwai kuma abin da ya keɓanta da mu 'yan Zango, wato harshe. Yaron Kumasi yana jin Hausa a gida, Twi a titi, Turanci a boko, Larabci a makaranta, wato ta addini. In kakarsa Mosi ce ko Kotokoli ko Dagomba ko Zabarma, ga na biyar. Wannan arziki ne, ba na musu. Amma a duba aikin da aka ba Hausar: tashi, je ka sayo, ka yi salla, ina canjin. Harshen aike da faɗa. Duk wata magana da yarinya 'yar shekara 15 ta taɓa ji a kan yadda zuciya take nauyi, ko yadda mutum yake tsanar kansa, da Turanci ta ji ta a TikTok. Ranar da ta yi ƙarfin hali ta zo wa uwarta da ita, da rabin Turanci za ta kawo, uwar kuma ta ce iyayi ne da kallon waya. Hausa ba ta gaza ba, ba a taɓa yi wa yarinyar irin wannan hira da ita ba ne.

Yanzu sai a zo ga allon waya da na talabijin. Dole a raba ƙananan yara da matasa, domin illar ba iri ɗaya ba ce.

A 2003 Patricia Kuhl da abokan aikinta a Jami'ar Washington suka ɗauki jarirai 'yan wata 9 daga gidajen da ake Turanci zalla. Wasu aka zaunar da su da mai jin Sinanci yana yi musu wasa da magana, zama 12. Wasu aka kunna musu mutanen nan a bidiyo, wasu kuma murya kawai. Waɗanda suka zauna da mutum ido da ido sun koyi bambance sautukan Sinanci. 'Yan bidiyo da 'yan murya kuwa kamar ba a yi musu komai ba. A 2018 wasu masu bincike na jami'o'in MIT da Harvard a Amurka suka auna yara 'yan shekara 4 zuwa 6, suka ga abin da ya fi alaƙa da aikin sashen harshe a ƙwaƙwalwa shi ne yawan musayar magana, ka faɗa na faɗa, fiye da yawan kalmomin da aka zuba wa yaro a kunne. Ƙwaƙwalwar ƙaramin yaro da amsa take ginuwa: ya yi gwaranci a tanka, ya nuna abu a kira sunansa, ya tsorata a ɗauke shi.

Duk wanda aka yi wa tatsuniya ya san haka ba tare da an auna shi ba. "Ga ta nan, ga ta nanku." Sai an amsa, "Ta zo mu ji ta," kafin a ci gaba. Mai tatsuniya tana kallon fuskokin yara. In ta ga Dodo ya yi wa ƙaramin cikinsu yawa, sai ta rage murya ta jawo shi jikinta, ta sako Gizo ya yi wauta a yi dariya. Yaro ya ɗanɗani tsoro yana kan cinyar wani, ya ga tsoron ya wuce. A nan ake koyon kwantar da hankali. Zanen da ke motsi a YouTube ba ya ganin fuskar kowa, kuma ba ya cewa ƙurunƙus. Ɗaya ya ƙare, wani ya kunna kansa, don an gina manhajar ne a kan kada a ajiye ta.

Ku duba mai koko a bakin titi da safe. Layi ya yi tsawo, ƙosai yana kan wuta, ɗan shekara biyu ya fara rigima yana jan zaninta. Ta zaro waya daga ɗaurin ƙugu, ta kunna masa waƙar yara ta Turanci, ta jingina ta da robar sukari. Shiru nan take. Ban ga laifinta ba, hannu biyu Allah Ya ba ta. Amma in haka ta zama hanya ɗaya tilo ta lallashi, safe da rana da dare, yaron zai tashi bai saba da a bi da shi daga kuka zuwa natsuwa ba, sai dai a ɗauke masa hankali. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a zaunar da yaron da bai kai shekara 2 ba a gaban allo, daga 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa ɗaya a yini. A Zango wannan ma'auni ya riga ya rushe, musamman tun da korona ta rufe makarantun Ghana daga Maris 2020 zuwa Janairu 2021, lokacin da iyaye da kansu suka miƙa wayoyi don karatu.

Ba kallon ne sabo ba. Waɗanda suka tashi a shekarun 1990 suna tuna shirin By the Fireside a gidan talabijin na ƙasa, inda Maame Dokono take ba yara labarun Ananse, ɗan'uwan Gizonmu a wayo da kwaɗayi. Akwati ɗaya ne a gidan, yara goma a tabarma, manya a baya suna sa baki, shirin ya ƙare a tashi. Bayan nan aka zo zamanin fina-finan Indiya da aka juya zuwa Twi da Hausa, da na Kano, waɗanda duk gida yake kallo tare, har da yaran da bai kamata su san kishi da makirci da saki uku ba tukuna. Ko a nan akwai babba a kusa da zai ce, "Rufe idonka," ko ya amsa tambaya. Waya ce ta raba kowa da allonsa. Shirye-shiryen yara masu kyau suna nan, an kuma tabbatar suna koyarwa in an tsara su da ilimi, kamar Sesame Street da aka fara a 1969, da na kamfanin Ubongo na Tanzaniya. Amma na Hausa da aka yi don yaron Ghana kaɗan ne ƙwarai, kuma wannan aiki ne da gidajen rediyon Zango da masu shirya fim ɗinmu suka bari kwance.

Kan matasa kuwa, masana ba su daidaita ba, kuma gara a faɗi haka. A 2021 Frances Haugen, tsohuwar ma'aikaciyar Facebook, ta fitar da takardun cikin gida na Facebook da suka nuna kamfanin ya san Instagram yana ƙara wa wasu 'yan mata ƙyamar jikinsu. A 2023 babban likitan gwamnatin Amurka ya fitar da gargaɗi kan shafukan sada zumunta da lafiyar matasa. A 2024 Ostiraliya ta yi dokar hana 'yan ƙasa da shekara 16 mallakar shafi. A ɗaya ɓangaren, Amy Orben da Andrew Przybylski na Jami'ar Oxford sun tace bayanan matasa sama da 350,000 a 2019, suka ga amfani da na'urori bai bayyana fiye da kashi 0.4 cikin 100 na bambancin walwalarsu ba. Yaya za a haɗa biyun? Matsakaicin lissafi yana ɓoye mutane. Yara da yawa suna shiga suna fita lafiya, wasu kaɗan kuma suna nutsewa, kuma galibi su ne waɗanda dama suke cikin damuwa. Sau da yawa ma ba a san wanne ya riga wanne ba: wayar ce ta kawo baƙin cikin, ko baƙin cikin ne ya tura yaro cikin waya? Kuma duk a Ingila da Amurka aka yi waɗannan aune-aune, ba a Sabon Zango ba.

Abin da ido yake gani a nan shi ne barci. Matashi yana buƙatar awa 8 zuwa 10. Namu yana tashi da asuba, ya tafi boko, ya dawo ya wuce makaranta, ya yi aike. Lokacin da ya rage nasa shi ne dare, kuma kamfanonin waya suna sayar da datar tsakar dare da araha. Ƙarfe biyu yana ƙarƙashin zani da haske a fuska, ƙarfe huɗu da rabi ana buga ƙofa. Ƙarancin barci kaɗai ya isa ya kawo saurin fushi, mantuwa da faɗuwar jarrabawa, kuma yana rura fargaba da baƙin ciki. Da safe a ce masa malalaci.

Sai abin da yake kallo a daren. Tsaransa da ya tsallaka ƙasar waje ya zama borga, kamar yadda ake kiran irinsu a Ghana, yana hoto jikin motar da wataƙila ba tasa ba. Tallan caca a kowane wasan ƙwallo, ga MoMo, wato asusun kuɗi na waya, a hannu, ko da yake doka ta ce sai ɗan shekara 18. Ga ƙwayoyi: tiramol a shekarun 2017 da 2018, yanzu kuma wadda ake kira Red, har ta zama abin waƙa da raha a intanet a 2025. Yaron da ba ya barci, yake ganin kowa ya wuce shi, kuma ba shi da wanda zai gaya wa, shi ne ya fi saurin karɓa in an miƙa masa a bes, wato majalisar samari, wajen shan ataya. Bes ɗin kansa ban ɗauke shi abokin gaba ba. Ga samari da yawa nan ne kaɗai ake tambayarsu, "Yaya dai, na gan ka wani iri?" Matsalar ita ce mai tambayar tsaransa ne, maganin da ya sani kuma shi ne na aljihunsa.

Inda maganar gida da maganar waya suka fi haɗuwa shi ne barazanar hoto. A yaudari yarinya, ko yaro, ta tura hoton da bai dace ba, sannan a ce ta turo kuɗi ko a watsa. Dokar tsaron intanet ta Ghana ta 2020 ta mai da wannan babban laifi, kuma Hukumar Tsaron Intanet tana da lamba 292 ta kai ƙara. Amma mai barazanar ba da hoton yake aiki ba, da tsoron Baba yake aiki. Ya san yarinyar za ta gwammace ta saci kuɗin adashin uwarta, ko ta yi tunanin shan guba, da ta buɗe baki a gida. A gidan da ta tabbata za a yi faɗa amma ba za a yar da ita ba, barazanar ta rasa rabin ƙarfinta. Shi ya sa ƙwace waya kaɗai ba ya magani. Za ta ari ta ƙawa, kuma yanzu ta ƙara samun dalilin yin shiru.

Ciwon ba ya zuwa da suna a goshi. Yakan zo a ciwon kai da na ciki da aka auna ba a ga komai ba, faɗuwar gaba, ƙin abinci, yaro mai surutu ya koma kurma, ko mai sanyi ya koma mafaɗaci. Mukan fara da cewa aljanu ne, ko sammu, ko baki. Ba ni da ja da addu'a da ruƙiyya, suna sanyaya zuciyar mai imani. Jayayyata tana ga a tsaya nan shekara biyu, ko a kai ga mari da sarƙa, abin da hukumomin Ghana suka haramta. Ƙasar tana da dokar lafiyar ƙwaƙwalwa tun 2012. Manyan asibitocin gwamnati na wannan fanni uku ne, na Akra da Pantang da Ankaful, duk a kudu, amma asibitin Komfo Anokye yana da sashensa, asibitocin gunduma kuma suna da nas-nas da aka horar don haka. A 2023 majalisa ta cire yunƙurin kashe kai daga jerin laifuffuka, don haka iyalin da ɗansu ya gwada ba su da dalilin ɓoye shi don tsoron 'yan sanda.

Masu ganin zama da yaro a saurare shi al'adar Turawa ce, su koma Bukhari da Muslim. Al-Aƙra'u ɗan Habis ya ga Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sumbaci jikansa Hasan, ya ce shi yana da 'ya'ya goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba. Aka amsa masa cewa wanda ba ya jin ƙai ba a jin ƙansa. Ƙanen Anas kuma, Abu Umair, yana da ɗan tsuntsun da yake wasa da shi, Annabi yakan tsaya ya tambaye shi labarin tsuntsun. Annabi Yusufu ma da ya yi mafarki, wajen mahaifinsa ya nufa, uban ya saurara har ƙarshe kafin ya ba da shawara.

Ba kowane uba ne zai iya sauya halinsa a shekara hamsin ba, kuma ban ce ya zama abokin wasan ɗansa ba. In kunya ta hana shi, to ya yi abin da kakanninsa suka yi da gangan: ya zaɓi ƙanensa, ko ƙanwar matarsa, ko malamar makaranta mai riƙon amana, ya gaya wa yaron a fili cewa in akwai abin da ba ka iya faɗa mini, je wurin wane, na yarda. Wannan ya fi zama dole ga 'yan sakandare. Tun da aka fara karatun sakandare kyauta a Satumba 2017, yaran Zango da yawa suna tafiya makarantar kwana suna da shekara 15 ko 16, inda aka hana riƙe waya. Sai a ari ta malamin ɗakin kwana a kira gida na minti biyu, malamin yana tsaye a gefe, wasu ɗalibai suna layi a baya. Tambayoyin da ake yi daga gida ba sa wuce uku: lafiya kake, gari da shito sun ƙare, nawa za a turo. Yaro ya ce lafiya lau, ya miƙa wayar ga na bayansa.